Sulen da Ke Ƙarƙashin Baba

A gidan Manaja na fara ganin ɗakin da sai an sa safar hannu ake taɓa abin da ke ciki, ana magana ƙasa-ƙasa, an hana tari, an hana atishawa, kuma babu marar lafiya a cikinsa. Marar lafiyar yana can ƙuryar gida, bayan kicin, kusa da igiyar shanya.

Ni nas ce. Shekara ashirin da shida na yi ina wankin gyambo a asibiti, da na ajiye aiki sai na koma bin gidaje da jakata. Auta ce ta kira ni, ƙanwar Manaja, daga garin da take aure, tafiyar yini guda cur a mota. Ta ce mahaifinsu ɓarin jikinsa ya shanye wata biyu ke nan, yana hannun yayanta, kuma duk sanda aka kara masa waya a kunne sai ta ji kamar bayansa yake ambata. Ta roƙe ni in riƙa leƙawa sau biyu a mako. Na ce to.

Ranar farko Manaja da kansa ya tare ni a falo. Manajan wani kamfanin sufuri ne, mutum mai tsafta, farce a yanke, tafin hannu sumul kamar bai taɓa ɗaukar bokiti ba. Na ce a kai ni wurin Baba. Ya ce yanzu kuwa, amma tunda zan riƙa shigowa gara in san ƙofar da ba a buɗewa. Ya zaro makulli daga wuyansa.

"Sista, kin taɓa ganin sulen zinariya mai shekara ɗari biyu?"

"Ban taɓa ba, Yallaɓai. Gyambo mai shekara biyu dai na gani."

Bai ji ba, ko kuma ya ji ya bar ni da abina. Ya buɗe ɗakin. Taga biyu, haske tas, iska a bushe, wata na'ura a kusurwa tana gurnani tana tsotse danshi. Durowoyi ne sirara, kowace an shimfiɗa mata karammiski, sulalla kwance kowane a gurbinsa. Ya zura farar safar hannu, ya ɗauko ɗaya ta gefe da yatsa biyu, ya ce in ɗan ja baya don numfashi yana barin tabo. Kan wani sarki ne mai dogon hanci a jiki, a baya kuma jirgin ruwa.

"Darajar sule ba a nauyinsa take ba," in ji shi. "Nauyi na masu ɗan kunne ne. Mu abin da muke nema shi ne wanda bai taɓa shiga hannu ba. Tun da aka buga shi, fatar mutum ba ta taɓa shi ba. Wannan shi ne ƙarshen daraja."

Ya gaya min kowace Asabar da safe yana juya su ɗaya bayan ɗaya, don kada gefe guda ya daɗe a kan karammiski ya yi shaida. Awa uku yake yi, ba ya ɗaga waya. Sannan ya ja wata durowa ya nuna min gurbi ɗaya da babu komai, muryarsa ta yi rauni sai ka ce ta'aziyya zan yi masa.

"Shekarar da sarkin ya mutu, kaɗan aka buga. Shekara goma sha ɗaya ina nemansa. Wallahi wani lokacin in na tuna gurbin nan abinci ba ya min daɗi."

Na ce Allah ya yaye masa, a nuna min Baba.

Hancina ya riga ni isa. Ɗaki ne da aka gina don ajiye buhuna, taga ɗaya can sama, bango na gumi. Baba yana kwance rigingine, dogon mutum mai manyan ƙasusuwa, hannun dama a yashe, baki ya karkace. Maganarsa sai ka matso ka nutsu, amma hankalinsa garau, idonsa kuwa ya fi na ɗansa gani. Maƙerin zinariya ne a da. Daga bakin mai girki na ji cewa ɗakin sulallan nan nasa ne, a satin da ya faɗi aka gano ashe shi ne ɗaki mafi bushewa a gidan, sai aka ga bai kamata a bar shi ga wanda ba ya ma iya tashi ya leƙa taga ba.

Na kira maigadi ya kama min muka mirgina shi. A ƙugunsa, daidai inda ƙashi ke danne fata, ga ja ya yi baƙi-baƙi, tsakiya ta fara buɗewa. Na wanke da ruwan gishiri, na sa magani, na rufe. Kafin in rufe na yi abin da muka saba a aikinmu: na ajiye kwandala a gefen ciwon na ɗauki hoto, don in an jera hotunan mako-mako a ga ko yana girma ko yana raguwa. Ranar kwandalar ta fi shi faɗi.

"'Yata," in ji Baba, "me kika gani?"

"Ɗan abu ne, Baba. In ana juya ka zai warke."

Ya yi wata dariya da rabin baki. A wuyan hannunsa na hagu, mai lafiyar, akwai baƙin zare, a jiki wani sulen zinariya da aka huda. Ya ga ina kallo. Ya ce shi ya huda shi da hannunsa ya rataya wa matarsa, shekara arba'in yana cikin rigarta, da ta rasu ya dawo hannunsa. Ya ce ɗansa har gobe bai yafe masa irin wannan ba, wai ya narkar da tarihi ya yi wa mata awarwaro.

Na koma falo na yi wa Manaja da matarsa, Madam, bayani dalla-dalla. Maganin wannan ciwo ba a kanti yake ba. Duk awa biyu a juya shi, dama, hagu, a sa filo a tsakanin gwiwoyi. Minti biyu ne aikin. In an yi, sati uku ya rufe. In ba a yi ba, zai ci nama har ƙashi, daga nan ya shiga jini, kuma ba na son in faɗi abin da ke biye.

Manaja ya gyaɗa kai irin na mutumin da ya saba shugabantar taro. Ya ce za a duba.

Aka yi ta dubawa. Da na dawo bayan kwana uku, filon da na sa yana nan inda na sa shi. Maigadi yana juya shi sau ɗaya da safe in mai girki za ta canza zanen gado, daga nan sai gobe, don an ce masa in ya sake barin ƙofa a bakin aikinsa. Na sami Manaja yana karyawa.

"Yallaɓai, kai fa ɗansa ne. Kafin ka fita, in ka dawo, kafin ka kwanta, ai an samu uku."

Ya ajiye cokali ya nuna min tafukansa. "Sista, ba ƙi nake ba. Man nan da kike shafa masa, in ya shiga fata kwana biyu bai fita ba, yana ratsa safar hannu. Na karanta. Maiƙo kaɗan ya taɓa sule, shi ke nan ya sauka daga matakinsa har abada. Abin da ya tsira shekara ɗari biyu, ni zan kashe shi?"

Na ce gaskiya ne, kisa babu kyau.

Madam kuwa kunya ce ta hana ta. Mace mai tarbiyya, ina ita ina taɓa jikin suruki? Ko ɗakin ba ta iya shiga saboda nauyinsa da take ji, sai dai ta tsaya daga bakin ƙofa da mayafi a hanci ta ce, "Baba, ya jiki?" ta juya kafin ya gama haɗa amsa. Wannan kunya ba ta hana ta zazzage jakata a bakin ƙofa duk ranar da zan fita ba. Wai doka ce ta gidan, ba don ni ba. Almakashina, audugata, har ledar da nake zuba tsohon bandeji sai ta sa an buɗe ta leƙa, nan kam hancinta yana jurewa.

Na kawo shawarar a ɗauko namiji mai jinya ya zauna da shi. Na ma san wani, natsattse, mai iyali. Manaja ya dube ni kamar na ce a cire ƙofar gida.

"Baƙon namiji ya kwana ya tashi a gidan da ke da abin da na nuna miki? Sista, duniya fa ta lalace. Mutane ba su da tausayi yanzu."

Na ce haka ne, ni ma ina lura.

Na faɗa wa Auta. Ta yi kuka a waya har na ji babu daɗi, ta ce cikinta wata takwas, likita ya hana ta doguwar tafiya, mijinta kuma ya ce gidan yaya ai gidan uba ne. Ta aiko da katifar iska, irin wadda injinta ke hurawa yana sassautawa don kada nauyi ya tsaya wuri guda. Na yi murna. Muka shimfiɗa, muka jona, sai ga shi wutar unguwar ba ta awa huɗu a yini. Layin batirin sola ɗaya ne a gidan da ba ya yankewa, shi ne wanda ya tafi ɗakin sulalla. Na roƙi a ja waya daga can, taku goma sha biyu ne, na auna da ƙafata.

Manaja ya kira mai gyaran wuta, suka yi shawara a tsaye, ya dawo da fuskar jimami. Batirin ba zai ɗauki inji biyu ba. In na'urar danshi ta tsaya ko na rabin yini, ga damina ta kawo kai, ba a san abin da zai faru ba. Na ce na Baba kuwa an san abin da zai faru. Ya ce, "Sista, komai fa na Allah ne." Katifar ta zauna a ƙarƙashin Baba babu iska, roba mai zafi, ta ƙara masa gumi, sai da na cire ta da kaina.

Mako na huɗu ciwon ya yi kwandala biyu. Mako na biyar wani ya buɗe a ɗuwawun hagu, wani a diddige. Na koma zuwa kullum, safe da yamma, ba wanda ya sa ni. Amma juyi biyu ko uku ba sa biyan goma sha biyu, kuma ina da wasu gidajen da ke jirana. Na ce a kai shi asibiti. Nan ne Manaja ya ɓata rai sosai.

"Ina raye, ina da gida, a ce na kai ubana asibiti na yar? Me mutane za su ce? Baba a gabana zai zauna, in riƙa ganinsa."

Rabonsa da ko leƙa ɗakin a lokacin kwana goma sha tara, mai girki ce ke lissafi.

Kowane mako ina tura hoton ga Auta da Manaja. Auta ta kira ta yi kuka. Na Manaja kuwa ko buɗewa ba a yi, saƙon yana nan yadda na tura shi. Na taɓa tare shi a bakin mota na miƙa masa wayata, ya kau da kai ya ce shi zuciyarsa ba ta ɗaukar irin wannan, tun yana yaro ko yankan kaza ba ya iya kallo. Mutum mai taushin zuciya ke nan.

Baba bai taɓa zaginsa a gabana ba. Ranar Asabar in gidan ya yi tsit, an hana yara gudu, an kashe rediyon kicin, sai ya ce min, "Ana juyi." Ran nan ina goge masa baya ya ce, "Gilashin da yake duba su da shi, nawa ne. Ni na koya masa riƙewa. Yana ganin ƙarzanen da ya fi gashi siranta." Sannan ya ƙara da cewa, "Ido gare shi, yaron." Wallahi da alfahari ya faɗa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Na ce, "Baba, ai kai ma ka kusa ƙarshen daraja a gidan nan. Hannu ba ya taɓa ka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na yi da-na-sanin faɗa.

A mako na bakwai Madam ta ci karo da kwandalata a jaka. Ta ɗaga ta a haske, ta juya, ta kira mijinta ya zo ya duba ko tasu ce ta canza kala. Ya ce ba tasu ba ce, amma don a zauna lafiya kada in sake shigowa da kowane irin ƙarfe mai kama da kuɗi. Na ce to, don in na yi zuciya na daina zuwa ba su zan hukunta ba.

Saboda haka da ranar hoto ta zo ba ni da abin aunawa. Na buɗe ciwon, warin ya sa mai girki ta fita. Ya zurma, gefensa ya yi baƙi, ina hango farin abu a ƙasa wanda na san ko mene ne. Jikin Baba da zafi. Ina dube-duben murfin kwalba, sai ya miƙo min hannun hagu.

"Auna da wannan."

Na kwance zaren, na goge sulen, na ajiye shi a kan fatarsa gefen ciwon. Ciwon ya ninka shi huɗu. Na ɗauka, na tura wa su biyun kamar kullum, na ci gaba da aikina.

Minti huɗu wayata ta yi ƙara. Manaja ne, daga ofis. Na ce a raina yau dai Allah ya taɓa zuciyarsa.

"Sista, hoton nan da kika turo."

"Na'am, Yallaɓai. Ka ga inda ya kai ko? Yau ko gobe dole..."

"Ki ƙara ɗauka kusa-kusa. Lambobin da ke ƙasan wuyan sarkin nake so, na ƙarshen bai fito sosai ba. Kada ki goge shi da komai. Kada kowa ya taɓa. Ga ni nan zuwa."

Na ajiye wayar. Baba ya tambaye ni wane ne, na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba, don na gaji da rufa wa mutane asiri. Ya rufe ido. Can ya ce in gama in kwantar da shi. Na rufe ciwon, maigadi ya kama min muka mayar da shi, don ɗaya gefen ma ya gaji. Ya ce in ba shi sulensa. Na sa masa a tafi. Ina kallo ya tura hannun hagu a hankali, yana nishi, ya cusa shi can ƙarƙashin ƙugunsa, ya zaro hannun babu komai.

"Baba, zai danne maka ciwo."

"Bar shi."

Tafiyar da ke cin Manaja minti arba'in, ranar a ashirin ya yi ta. Ya shigo ɗakin da safar hannu a sanye, gilashin ubansa a rataye a wuya. Warin ya buge shi ya ja baya, ya dake ya shigo. A sanina wannan ne karo na farko da ƙafarsa ta wuce dokin ƙofar.

"Baba, sannu da jiki. Abin wuyan Inna ne ashe? Ai na ɗauka yana wurin Auta. Ina yake?"

"Yana ƙarƙashina," in ji Baba.

Manaja ya juyo gare ni. "Sista, ɗan ciro shi."

Na ɗaga tafukana biyu, suna ƙyalli. "Hannuna duk mai ne, Yallaɓai. Yana ratsa safar hannu. Kai ka faɗa."

Ya leƙa waje neman maigadi, sai ya tuna maigadi baƙon namiji ne, kuma zinariya ce. Ya tsaya yana kallon ubansa, uban yana kallonsa. Sannan ya matso.

"Ta ina ake kamawa?"

Na nuna masa. Hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, a lanƙwasa gwiwa, a jawo shi wajenka a hankali. Ya iya kuwa, tashin farko. Hannu ne da ya saba lallaɓa abu. Baba ya mirgino, fuskarsa ta faɗa a cikin ɗansa, hannun hagunsa ya kama rigar ya riƙe. Ga bandeji ya jiƙe ya ɗaye ta gefe, ramin a buɗe, taku ɗaya daga idon da ke ganin ƙarzanen da ya fi gashi siranta. Ga sulen manne da zanen gado.

Na zuba masa ido. Na rantse ya gani, don maƙogwaronsa ya motsa. Ya miƙa yatsa biyu ya ɗauki sulen ta gefe, ya zare rigarsa daga hannun Baba, ya matsa ƙarƙashin taga ya kafa gilashi.

"Shi ne," ya ce. "Shekara goma sha ɗaya, ashe yana cikin gidana." Ya juya shi, ya yi tsaki. "Baba, da me ka huda shi haka? Ga shi ruwan ciwo ya taɓa shi. Amma akwai mai toshe huda, in ya yi aiki sai ka rantse ba a taɓa ba."

Daga bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Sista, a kula da wurin nan fa, ya yi muni." Ya tafi.

Na sa wa Baba filo a baya, na gyara masa ƙafa. Ina jin kunyar haɗa ido da shi. Shi kuwa fuskarsa a sake, har da ɗan murmushin rabin baki.

"Kin gani?" ya ce. "Ya juya ni."

Na fita bayan kicin na yi kukan da rabona da shi tun ina ɗalibar jinya.

Kwana biyu bayan nan zazzaɓi ya rufe shi, ya daina gane mutane. Ban nemi izinin kowa ba, na kira mota, ni da maigadi da mai girki muka ɗauke shi. Likitan da ya buɗe bayansa ya dube ni ya ce daga wane kango aka tsinto shi. Na faɗi unguwar, ya ɗauka wasa nake. Manaja ya zo asibiti sau ɗaya, ya tsaya a baranda yana gaya wa wani abokinsa a waya cewa an yi iya ƙoƙari, har nas aka ɗaukar masa ta musamman. Kwana shida Baba ya yi. Auta ta haihu ranar da ya cika, ba ta gan shi ba.

Wurin zaman makoki Manaja ya yi kuka sosai, mutane suna ta cewa ɗa na gari, ya riƙe ubansa a gida har ƙarshe. Madam tana raba ruwa tana cewa gidan ya yi musu faɗi. A satin aka wanke ɗakin bayan kicin aka mayar da buhuna.

Bayan wata biyu sulen ya dawo daga wurin mai gyara, an toshe hudar. Na sani ne don Manaja ya sa hotuna biyu a shafinsa na intanet, inda masu irin wannan sha'awa ke taruwa, ya rubuta a ƙasa: kafin gyara, bayan gyara, gadon mahaifina, Allah ya jiƙansa. Na biyun a kan karammiski yake, a gurbin nan da ya hana shi cin abinci. Na farkon kuwa hoton da na ɗauka ne. Ya yanke shi tsaf, ya cire ramin, ya bar sulen da ɗan abin da yake kwance a kai.

Aka yi ta yi masa barka. Wani ya ce irin wannan sai mai rabo. Wani ya ce uba ya yi masa gata. Can ƙasa wani mai lura ya tambaya, wai wane irin ƙyalle ne aka ɗora sulen a kai a hoton farko, mai duhu haka da tamoji, don bai dace a ajiye zinariya a kan abu mai kaushi ba.

Manaja ya ba shi amsa: "Wani tsohon abu ne na gida, an riga an kawar da shi."

Hotunan bakwai suna nan a wayata, cikakku, ban yanke ko ɗaya ba. Mutane suna tambayata me ya sa na cika faɗa in na shiga gida, me ya sa tun kafin in gaisa nake cewa a nuna min wanda zai riƙa juyi, in ga hannunsa. To ga dalilin. Na shiga gidajen da ba su da ko fanka, na tarar da tsoho shekara uku a kwance bayansa sumul, don akwai wanda ke tashi duk awa biyu. Na kuma shiga gidan Manaja.

Har yanzu ina bi ta layinsu ranar Asabar da safe, akwai wata tsohuwa da nake wa wankin gyambo a gaba kaɗan. Gidan tsit, an kashe rediyo, an hana yara gudu. Maigadi yakan ɗaga min hannu, in tambaye shi mai gidan fa, ya nuna tagogin nan biyu da haɓa.

"Yana ciki, Sista. Ana juyi."